Yadda Ake Kama Doki A Guje Da Kyamarar Waya

Hoton abu mai gudu yakan fito dishi-dishi ne saboda kyamara na buƙatar ɗan lokaci ta tara haske. Idan abin ya gusa a cikin wannan lokacin, sai surarsa ta shafe. Yawan megafiksel ba ya maganin wannan. Saurin ƙiftawar idon kyamara ne maganin.

A sashen Pro na wayoyi da dama, irin su Samsung da Tecno, akwai wurin saita wannan sauri. Lambar 1/60 na nufin kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa. Mai tafiya da ƙafa 1/250 ta ishe shi, amma dokin da aka sako a jahi a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe sai 1/1000 ko fiye. Da irin wannan sauri ne Eadweard Muybridge ya nuna a Amurka a 1878 cewa doki a guje yakan ɗaga ƙafafunsa huɗu daga ƙasa lokaci guda.

Sai dai saurin yana cin haske. Da yamma, ga ƙura ta tashi, dole a ɗaga ISO, hoton kuma ya yi tsakuwa-tsakuwa. Gara hakan da doki mai ƙafa takwas.

Akwai wata dabara da ta fi daɗi, kuma ba sai an jira Sallah ba. Bakin kasuwar Ƙofar Wambai, inda adaidaita sahu da babura ba sa yankewa, ya isa makaranta. A sauke saurin zuwa 1/30, a manne gwiwar hannu a jiki, a bi adaidaita ɗaya da waya ana juyawa daga ƙugu, a danna ba tare da an tsaya ba. Idan an dace, adaidaitar za ta fito tar, rumfunan bayanta su zama zare-zaren launi, mai kallo ya ji gudun. Yawancin gwajin farko lalacewa yake yi, don haka a ɗauka da yawa.

Da tsakar rana 1/30 za ta wanke hoton fari fat, domin ƙofar hasken yawancin wayoyi ba ta tsukewa. Bayan la'asar sakaliya ya fi, ISO a can ƙasa. A tsaya nesa da titi, a riƙe waya da kyau a cunkoso, kuma a nemi izinin mai rumfa kafin a sa fuskarsa a hoto.