Matsayin Wakiliyar Mata a Ƙungiyar Ɗaliban Jami'a

Wakilcin mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, takan naɗa dattijuwa ta zama jaji, ta shugabanci 'Yan Taru, tana kai karatu ƙauyuka, tana komowa da tambayoyin mata. Aikin wakiliyar ɗalibai mata a jami'a ya yi kama da wannan, watau tsayawa tsakaninsu da hukuma. Ita ke kai kukansu game da masauki, da ruwa, da tsaro, da malamin da ya nemi ɗaliba da lalata, abin da kunya kan hana yarinya faɗa wa namiji. Amma fa jaji da iko aka naɗa ta. Wakiliya kuwa, in ba ta da ƙuri'a a majalisar ƙungiya, sunan sarauta kaɗai ta samu.