Leda a Sama, Raga a Gefe: Zaɓen Kayan Rumfar Tumatir a Bayan Gida

Ɗakunan gilashin da ake gani a gonakin ƙasar Holand an gina su ne don su riƙe ɗumi, domin a can sanyi ne abokin gaba. A Kano ko Sakkwato kuwa, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, duk wanda ya kwaikwayi wannan gini tanderu ya gina wa shukarsa. Furen tumatir yakan kaɗe bai ɗaura 'ya'ya ba idan zafi ya daɗe sama da digiri 35. Abin da mai lambu ke buƙata a nan shi ne rufin da zai tare dukan ruwan sama ya rage kaifin rana, da bangon da iska za ta ratsa amma ƙwaro ba zai ratsa ba.

Gilashi bai dace da mu ba: ga tsada, ga nauyi, ga saurin fashewa. Falankin roba mai rufi biyu da ake kira folikabonet ya fi shi ƙarko, yana kai shekara goma, sai dai an yi shi ne musamman don riƙe zafi. A tsaunukan Jos, inda dare ke sanyi, yana da amfani. A ƙasar Hausa kuɗin ya fi amfanin yawa.

Leda ce ta fi dacewa, amma ba kowace ba. A nan ne mutane ke tafka asara, abin kuma yana damuna. Ledar da magina ke shimfiɗawa a ƙarƙashin daɓe tana da araha, sai dai rana kan gasa ta ta yage cikin 'yan watanni. A nemi wadda aka sarrafa don jure hasken rana, mai kaurin maikiron 200. Ita kan yi shekara uku zuwa huɗu. Inda ta taɓa ƙarfe nan take fara ruɓewa, don haka a shafa wa bututun ƙarfen da ke riƙe da ita farin fenti ko a naɗe shi da tsumma. A ja ta sosai ta ɗame, domin iskar farkon damina ba ta barin leda mai kaɗawa. Manoman Almeriya a kudancin Sifen, waɗanda rumfunan ledarsu suka rufe hekta dubu 30 da ɗoriya, sukan shafa farar ƙasa a rufin idan zafi ya tsananta, su wanke idan ya sauka. Dabara ce da ba ta fi ƙarfin kowa ba. Ƙurar hunturu ma tana disashe haske, sai an riƙa wankewa.

Bango kuwa raga yake so, daga ƙasa har sama. Manoman Kadawa da Kura ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da suke kira sharon ta cinye tumatir har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Akwai kuma farin ƙuda mai yaɗa cutar nannaɗewar ganye. Ragar gidan sauro ba ta tare shi. Sai mai ido ƙanana, wadda ake sayarwa da lamba 40 ko 50. Amma ƙanƙantar ido tana rage shigar iska, saboda haka a ɗaga ginin ya kai mita 3 ko fiye, a bar kafa a ƙololuwar rufi, ita ma da raga, don zafi ya fice ta sama.

Gora na iya zama ginshiƙi idan aljihu bai kai bututun ƙarfe ba, muddin aka ɗora ƙafafunta a kan siminti saboda gara. Ƙofa kuma a yi ta biyu, da ɗan soro a tsakani, ta yadda ba za a buɗe ta ciki ba sai ta waje ta rufu.