Bel Ɗin Tayimin da Famfon Ruwa: Inda Ake Gane Gwanin Bakanike

Birnin Ƙonni gari ne da mota ba ta yanke masa dare da rana. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ta tsakiyarsa ta ratsa. Gaba kaɗan, a Tsarnawa, wata ta ɓalle arewa ta bi ta Badagishiri a gundumar Illela, ta wuce Tawa har Agadas. Kudu kuwa ga iyakar Najeriya a bakin ƙofa, ga hanyar Sakkwato. Simintin Malbaza, albasar Galmi, dabbobin kasuwannin Adar, fasinjan da ke cika Hiace har bisa rufi, duk a kan taya suke tafiya. Shi ya sa gareji a wannan yanki ba ya rasa aiki. Amma cikin duk ayyukan da ke zuwa hannun bakanike, akwai ɗaya da ke raba gwani da ɗan koyo: canza bel ɗin tayimin tare da famfon ruwa.

Wannan bel ba shi ne wanda direba ke gani idan ya ɗaga bonet ba. Yana ɓoye ne a bayan murfi, a goshin inji. Roba ce mai haƙora, an saƙa zare mai ƙarfi a cikinta don kada ta miƙe. Aikinsa haɗa sandar ƙasa da fistin ke juyawa da sandar sama mai buɗe bawul-bawul. Ta ƙasa ta zaga sau biyu, ta sama ta zaga sau ɗaya, ba ƙari ba ragi. Haƙori ɗaya ya goce, mota ta rasa ƙarfi, ta kama shan mai da hayaƙi. Idan kuwa ya tsinke ana cikin gudu, a injuna da yawa fistin kan taso ya tarar da bawul a buɗe ya lanƙwasa shi. Haka yake a Peugeot 406, haka yake a injunan gas na Hilux da Hiace. Wasu injunan fetur na Toyota, irin na tsofaffin Corolla da Camry, sun fi sassauci: mota za ta mutu a hanya kawai, ba tare da ɓarna a ciki ba. Tsohuwar 504 mai shan fetur kuwa sarƙa gare ta, shi ya sa dattawan direbobi da yawa ba su taso da tsoron wannan bel ba.

Famfon ruwa maƙwabcinsa ne na kusa. Shi ke kewaya ruwa tsakanin inji da lagireto, kuma a motoci irin 406 bel ɗin tayimin ne ke juya shi. Saboda haka idan boris ɗin famfon ya ci, ya fara lilo ko ya cije, bel ɗin ma ya tafi. Hanyar da za a bi a kai ga ɗaya ita ce hanyar ɗayan, wahalar kwancewa guda ce. Wannan ne dalilin da bakanike mai amana ke cewa a canza su tare.

A nan gardama ke tashi. Mai mota zai leƙa ya ce, "Haba maigida, famfon nan ai lafiyarsa lau, bel kawai na zo canzawa." Shi kuma sai ya kama bakin famfon ya girgiza masa, ya ce, "Alhaji, sa hannunka ka ji. Yau bai zuba ba, amma ba zai kai damina ba." Sau da yawa yakan nuna masa ɗan ramin da ke ƙasan famfon, inda ruwa ke tsattsafowa idan robar ciki ta gaji, da farin gurbin da ya bushe a wurin. Mai mota na ganin ana so a ƙara masa kashe kuɗi ne, alhali kuɗin aiki na biyu ake ƙoƙarin tsare masa, da kwanan daji tsakanin Dogarawa da Galmi.

Aikin kansa na mai haƙuri ne. Sai inji ya huce, a cire kan batir, a tsiyaye ruwan lagireto a roba. A kwance bel ɗin waje, a sassauta babbar ƙusar da ke riƙe da fulin ƙasa, wadda kan sa ƙato ya yi gumi kafin ta motsa. Kafin a taɓa tsohon bel, sai an juya inji da sifana a hankali har alamar da ke jikin kowane fuli ta yi daidai da tata a jikin inji. Wasu sukan ƙara ɗiga farin fenti don ido ya huta. A injin Peugeot ƙarfe ake zurawa a rami a kulle sandunan don kada su motsa. Daga nan a saki abin ɗaurin, a zare bel, a ciro famfon. Sai a ga maigida ya zauna yana kankare tsohon gaskit da reza, yana shafawa da ɗan yatsa, don ɓurɓushi kaɗan ya isa ya sa sabon famfo yoyo. Yana kuma duba ko baƙin mai na zuba daga bakin sandunan, domin mai na cin roba, sabon bel a wurin da ke yoyon mai ba ya daɗewa. Bayan an ɗaura, ba a tayar da mota nan take. Da hannu ake juya inji zagaye biyu, a sake duba alamomi. Idan sun dawo daidai kuma ba inda ya cije, sannan a zuba ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale, a murza makulli.

Ƙasarmu ba ta raga wa waɗannan kaya. A watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, kuma a bazarar ne motoci ke ɗaukar lodin albasa fiye da ƙima. Ƙurar hunturu na shiga duk murfin da ya fashe. Ga al'adar ɗura ruwan rijiya zalla a lagireto, wanda ke barin dasashi a hanyoyin ruwa, yana sa fukafukan famfo tsatsa har su cinye. Masu ƙera motoci kan ba bel tsakanin kilomita 60,000 zuwa 150,000 gwargwadon inji, ko 'yan shekaru ko da mota ba ta yi tafiya ba. Toyota ma ta sa fitilar T-BELT a injunanta na gas don tunatarwa. To amma yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne, sun gama rayuwa ɗaya a Turai kafin su iso, babu takardar tarihinsu, lambar kilomita kuma ba abin dogaro ba ce. Shawarar tsofaffin hannu ita ce duk wanda ya sayi irin wannan mota ya fara da bel da famfo kafin fenti da rediyo.

Samun kaya nagari wani yaƙi ne daban. Kasuwar Ƙonni ta dogara ƙwarai da abin da ke shigowa daga Najeriya, shi ya sa rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, suka taɓa gareji kai tsaye. Jabu kuma ya cika shaguna, kwalinsa ba ya bambanta da na asali. Gwani yakan ƙirga haƙoran sabon bel ya gwada da tsoho, ya duba rubutun bayansa, ya juya famfo kusa da kunnensa ya saurara. Araha ba ta ado, balle a abin da rayuwar inji ta rataya a kansa.

Yaron gareji ba ya kai wa ga wannan aiki da wuri. Zai yi shekaru yana wanke ƙusa da fetur, yana miƙa sifana, yana kwance taya, kafin a bar shi ya riƙe fuli. Ranar da maigida ya ja gefe ya ce, "Kai, jera alamomin in gani," ranar ce ya san an fara kallonsa a matsayin ma'aikaci. Yawancin waɗannan yara ba su yi nisa a boko ba, amma suna riƙe alamomin injuna iri-iri a ka, yanzu kuma wayar hannu na taimaka musu da hotunan waɗanda ba su saba gani ba.

Abin da ya sa nake girmama wannan sana'a shi ne aikinta ba ya ganuwa. Da zarar an mayar da murfi, mai mota ba shi da hanyar sanin ko sabon famfo aka sa ko tsohon aka wanke, ko an juya zagaye biyun nan ko an yi gaggawa. Tsoron Allah da kishin suna ne kaɗai ke tsaye a wurin. Bakaniken da ya riƙe wannan amana ya cancanci a biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, a kuma ba shi lokacin da aikin ke buƙata. Direba kuwa, musamman mai ɗaukar rayukan mutane, ya rubuta ranar da ya canza bel da lambar kilomita, ya riƙa zuba ruwan lagireto na gaskiya, ya kawo motar da ƙafafunta tun kafin a jawo ta da igiya.