Idan Madubin Faifai Ya Ɓace Bayan Sabunta Kwamfuta

Jama'a masu sauraro, na Salaga da Yendi da Bawku, da duk zangon da muryarmu ke kaiwa: Shirinmu na musamman na yau na masu kwamfuta ne, irin wadda ake damƙa wa amanar jama'a: rajistar ɗalibai, lissafin kantin magani, takardun fili, hotunan biki da suna, faifan tafsiri na shekara da shekaru. Ko ba ka taɓa kwance bayan kwamfuta ba, in dai kai ke biyan yaron da ke kwancewa, to matso kusa da rediyo.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, kuma a watan Mayu na shekarar tallafin yau da kullum na Ubuntu 20.04 ya ƙare. Wannan ya tura mutane da yawa sabunta babbar manhajar injinansu. Kwamfutocinmu kuwa galibi na hannu ne, da dama ba su da guntun tsaron nan na TPM 2.0 da Windows 11 ke buƙata, sai wasu suka koma Linux gaba ɗaya. A wajen wannan ƙaura ne wata fitina ke kunno kai. An gama aiki, an kunna inji, sai a nemi rumbun da ake ajiye komai a rasa.

Madubin faifai, wanda ma'aikatan kwamfuta ke kira RAID 1, faifan ajiya biyu ne da aka haɗa, duk abin da aka rubuta a ɗaya, a take ake rubuta shi a ɗayan. In ɗaya ya mutu, aiki ba ya tsayawa. Sunan RAID ya fito ne daga wata maƙala da masana uku, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka wallafa a 1988 daga jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka. Manyan kamfanoni na sayen kati na musamman don wannan aiki. Mu a nan babbar manhajar ce ke riƙe da haɗin, domin ya fi araha. To tunda ita ke riƙe da shi, in aka canza ta, sabuwar na iya farkawa ba ta san faifan biyu tagwaye ne ba.

Abin da nake so ya zauna a kunnen kowa shi ne: mafi yawan lokuta bayanan suna nan daram a kan faifan. Abin da ya ɓata shi ne bayanin da ke gaya wa injin yadda zai haɗa su. Asarar gaske takan zo ne daga baya, daga hannun mai gaggawar gyara.

Mu ɗauki shagon buga takardu a Yendi, ana tsakiyar rajistar jarrabawa, iyaye sun cika benci. An sake zuba Windows, an buɗe wurin sarrafa faifai, sai ga faifan biyu da alamar gargaɗi, an rubuta Foreign a gefensu, wato baƙi. Mai shago ya ƙosa, ya ce wa yaronsa: "Kai, danna Ok mana, mutane na jira!" Yaron, in ya san aikinsa, zai ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, ka ba ni minti goma. In na danna wannan, aikin shekara biyar zai iya tafiya." Gaskiyar yaron ce. Duk akwatin da ya fito yana neman a yi wa faifai fomat, ko a shirya shi kamar sabo, ko a mayar da shi faifai na gama-gari, a rufe shi ba tare da amincewa ba. Abin da ake nema shi ne zaɓin Import Foreign Disks, kuma a tabbata faifan biyu na jone a lokacin, a shigo da su tare. A kuma duba wane Windows aka zuba, don na Home ba ya haɗa irin wannan madubi, sai na Pro zuwa sama. Microsoft ma ta daɗe da karkata zuwa sabon tsarinta na Storage Spaces, wanda ya zo da Windows 8 a 2012. Shi ma bai tsira ba: a 2020, bayan sabuntawar watan Mayu ta Windows 10, wasu masu amfani da wani nau'insa sun tarar da rumbunsu kamar babu komai a ciki, har kamfanin ya gargaɗe su kada su yi amfani da umarnin chkdsk wajen gyara.

Akwai kuma wani ɗan abu mai kama da kwabo a kan allon uwa na kwamfuta, batirin CR2032. In ya mutu, saitin BIOS na iya komawa na asali, injin da aka saita a kan RAID ya koma AHCI, madubin ya rabe gida biyu. Mutum ya yi ta zargin sabuwar manhaja, alhali batiri ne na 'yan sidi kaɗan. In agogon injin ya fara nuna shekarar da ta wuce, a fara dubawa daga nan.

Mu koma ga masu Linux, inda ake aiki da mdadm, manhajar da Neil Brown ya fara rubutawa a 2001. Abu na farko, a karanta fayil ɗin mdstat da ke cikin proc. Karatu kawai, ba ya taɓa komai. In ka ga harafin U guda biyu a jere, faifan biyu na aiki. In ka ga U ɗaya da ɗan layi a ƙasa, ɗaya ya fita. In babu komai, ka tambayi kanka ko mdadm ɗin ma na cikin injin, domin Ubuntu na tebur ba ya zuwa da shi, sai an sauko da shi. Sau da yawa ma madubin yana nan, suna kawai ya canza. Da md0 ne, yanzu ya zama md127, fayil ɗin fstab kuma na can yana neman tsohon suna, sai injin ya tsaya cak a wajen tashi. Dalilin yakan kasance fayil ɗin mdadm.conf ne aka maye gurbinsa lokacin sabuntawa, ko kuma ba a shigar da shi cikin ƙaramin tsarin da injin ke fara lodawa ba, wanda ake kira initramfs. Maganin a nan mai sauƙi ne: a mayar da layin madubin cikin mdadm.conf, a sabunta initramfs, sannan a daina kiran faifai da sda ko sdb, domin waɗannan sunaye na musanyawa. A kira shi da doguwar lambarsa ta UUID, wadda ba ta canzawa.

Yanzu ga wurin da nake roƙon a saurara da kyau, don nan ne ake kuka. Ku tuna yanayin ƙasarmu. Ƙurar hunturu na shiga ko'ina, zafin Maris da Afrilu a Bawku na kaiwa digiri 40, wuta kuma kowa ya san halinta tun zamanin dumso, wato yawan ɗauke wuta. A irin wannan hali faifai ɗaya kan fita daga madubi shiru, ba ƙara ba hayaƙi, injin ya ci gaba da aiki da ɗaya tilo har wata takwas ba wanda ya lura. Ranar sabuntawa, sai sabuwar manhaja ta ɗauko wancan da ya daɗe da tsayawa. Ka buɗe, ga fayiloli nan, ka yi hamdala, amma lissafin ya tsaya tun kafin azumi. In a nan ka yi sauri ka ce a sake haɗa ɗayan, injin zai kwafe tsohon ya shimfiɗa a kan sabon, wata takwas na gumin mutane ya shafe, da umarninka.

Don haka kafin a haɗa komai, a bincika kowane faifai shi kaɗai da umarnin examine na mdadm. Zai nuna abu biyu masu daraja: ranar ƙarshe da aka yi rubutu a kansa, da wata lamba a gaban kalmar Events. Wanda lambarsa ta fi girma shi ne na baya-bayan nan. Ɗauki lambar siriyal ɗinsa, rubuta a takarda, manna masa. Sannan a tayar da madubin da umarnin assemble, a yanayin karatu kawai, a buɗe fayil na makon jiya a gani da ido. Umarnin create kuwa, wanda wasu ke saurin ba da shawararsa, a nisance shi. Sabon madubi yake ginawa, yana rubutu a kan shaidar tsohon. Tsofaffin madubai na ajiye shaidarsu a ƙarshen faifai, sababbi kuma kusa da farkonsa, don haka create a kan tsohon madubi na iya taka farkon bayananka.

In manhajar smartctl ta nuna faifan na ciwo, ko kunnenka ya ji yana ƙwas-ƙwas, a kashe injin. A nemo wani faifan, ko da sai an aika Tamale, a kwafe mai ciwon da manhajar ddrescue, a yi gwaje-gwajen a kan kwafin. Sake gina madubi aiki ne mai nauyi: terabayit ɗaya, a gudun megabayit 100 a daƙiƙa, zai ci kusan awa uku ana karanta faifan da ya rage daga farko har ƙarshe. Kuma sau da yawa rana ɗaya aka sayo su biyun, tsufansu ɗaya. Kada a fara sai an kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri, kuma sai da UPS ko batirin sola a jone.

Wannan maganar ta "wani wuri" ba baƙuwa ba ce ga mutanen Salaga. Yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa kasuwar goro, fatake da malamai suka watsu zuwa Yeji da Kete Krachi da sauran garuruwa. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, a Kete Krachi ya ƙarasa rayuwarsa a 1934, kuma tsohon garin ma ruwan tafkin Volta ya cinye shi bayan gina madatsar Akosombo. Duk da haka ana karanta rubuce-rubucensa har yau, saboda almajirai sun kwafa sun tafi da su garuruwa daban-daban, sannan a shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana ɗaukar kwafi. Madubi bai kai wannan ba. Faifan biyu akwati ɗaya suke, a ɗaki ɗaya. Abin da ka goge da kuskure, a duka biyun ya gogu. Tsawa ko gobara ko ɓarawo, tare za su ɗauke su. Dole a sami kwafi na uku, faifan waje da ke kwana a wani gida, ko a intanet in data ta samu.

Ga wanda bai riga ya sabunta ba, rabin awa ta ishe shi shiri. Ya duba lafiyar madubin tun tsohuwar manhaja na aiki, ya ɗauki hoton allon da wayarsa, lambobin UUID su fito sarai, ya ajiye kwafin mdadm.conf da fstab a filashi. In manhajar ba a kan madubin take ba, ya zare wayoyin faifan biyu kafin ya zuba sabuwa, ya mayar bayan an gama. In kuwa daga madubin injin ke tashi, ya tabbata an saka GRUB, wato manhajar da ke tayar da injin, a kowane faifai, don kada ranar da na farko ya mutu na biyu ya kasa tayar da injin. Mai shago kuma, kowace Juma'a kafin a rufe, ya ce wa yaronsa ya nuna masa U biyun nan da idonsa.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah Ya tsare mana dukiya da amanar jama'a. Sai wani jiƙon, a huta lafiya.