Littafin Da Na Ƙwace A Aji

 Yau ina so in ba ku labarin wani littafi da na ƙwace a aji, da irin karatun da ya jawo mini.

Shekarata ta biyu ke nan da fita daga kwalejin horon malamai, ina koyar da 'yan aji shida a wata makarantar 'yan mata. Akwai wata yarinya a ajin nan, ba ta fi shekara goma sha biyu ba, wadda na riga na fid da tsammani ga karatunta. In na ce ta tashi ta karanta, sai ta tsaya ƙiƙam kamar an dasa ta, har sauran su fara dariya in ce ta zauna. Ran nan muna tsakiyar lissafi sai na lura kanta yana sunkuye, leɓunanta kuwa suna motsi. Na lallaɓo ta baya, sai na tarar da littafi bisa cinyarta cike da zane-zane masu launi, ga wata mace riƙe da takobi. Na fizge, na ce ba za ta sake ganinsa ba sai uwarta ta zo. Yarinyar da faɗa bai taɓa sa ta hawaye ba, ran nan ta yi kuka har aka tashi, tana cewa na wanta ne, aro ya ba ta.

Da dare na buɗe shi don in nemi aibin da zan nuna wa uwar. Ban rufe ba sai da na kai bango.

Sunan littafin Malika: Warrior Queen, watau Malika sarauniyar yaƙi, da Turanci aka yi shi. Wani mutumin Ikko mazaunin Amurka, Roye Okupe, shi ya tsara labarin, ya fito a 2017. Malika ta gaji sarautar wata ƙasa wai ita Azzaz, ƙasar ta rabu, ta sha yaƙi ta haɗe ta, ga manyan fada suna yi mata zagon ƙasa, ga kuma rundunar ƙasar Sin ta doso. Duk wadda ta juya sunan nan Azzaz a bakinta za ta ji ƙanshin Zazzau, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa daga labarin Sarauniya Amina aka ɗebo ta. Amma fa kada a ɗauke shi tarihi. Sinawa ba su taɓa kawo yaƙi Zazzau ba, kuma cikinsa akwai abubuwan al'ajabi irin na tatsuniya. Ni abin da ya ɗan ba ni haushi shi ne, Amina tamu ce, ganuwoyin da ake kira da sunanta a ƙasarmu suke, amma sai da wani daga nesa ya zana ta, cikin harshen da ba namu ba, sa'an nan 'yarmu ta yi kuka a kanta. To, wannan laifin ba nasa ba ne.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin irin littattafan nan ba, ga yadda suke. An raba kowane shafi gida-gida, kowane gida da zanensa, maganar mutane kuwa tana cikin 'yar ƙawanya kusa da bakinsu. Na ɗauka wasan yara ne, ashe da aiki a ciki. A gidan farko za ki ga an ɗaga takobi, a na biyu sai ki ga mutum kwance. Saran ba a zana shi ba, ke ce kika yi shi cikin ranki. Haka mai karatu za ta yi ta cike giɓi tun daga farko har ƙarshe, tana duban fuska don ta san ko mai maganar gaskiya yake faɗi. Yarinyata da na ce ba ta da kai, abin da take yi ke nan a ɓoye, zanen yana riƙe da hannunta har ta haye kalmar da ta fi ƙarfinta.

Wannan ne ya tuna mini da rubutacciyar waƙa, wadda ni ma na taɓa ƙi kamar yadda take ƙin littafin aji. A kwaleji an koya mana baiti da ɗango da amsa-amo, da ƙwar biyu da ƙwar biyar, da yadda ake yanka ɗango gaɓa-gaɓa don a gano karinsa. Na ci jarrabawa, amma ban ji daɗin ko ɗaya ba. Sai ran da na je hutu na tarar da gwaggona tana tsince shinkafa tana rera Imfiraji na Aliyu Namangi da ka, ita da ba ta taɓa zama a benci ba. A nan na gane ashe waƙar Hausa ko an rubuta ta, don a rera aka yi ta, mu kuwa muna ta feɗe ta kamar kaza. Waƙa da labarin zane ɗan'uwan juna ne: magana kaɗan, sauran mai karatu ke cikawa. Kuma dukansu sun dace da lokacin mace, wanda kullum a gutsure yake. Kafin ruwan tuwo ya tafasa kin gama waƙa guda.

Saboda haka tun daga ran nan na shiga neman iri biyun nan, ta aro da saye da roƙo, ga kuma abin da na gani.

In mace za ta mallaki littafin waƙa guda ɗaya tak, to, ni Alƙalami a Hannun Mata zan ce ta nema. Kamfanin NNPC na Zariya ya buga shi a 1983, waƙoƙin Hauwa Gwaram ne da Hajiya 'Yar Shehu. Kullum in ana lissafin mata marubuta waƙa sai a ce Nana Asma'u, wadda ta rasu tun 1864, daga nan a yi shiru, sai ka ce bayanta mata sun ajiye alƙalami. Waɗannan biyu kuwa ga su nan cikin zamanin mota da rediyo, suna waƙa kan al'amuran da suka dami jama'a a lokacinsu, suna yi wa 'yan'uwansu mata bayani da gargaɗi. Ba zan ɓoye muku ba, akwai baitocin da suka fi kama da sanarwar hukuma, don da yawa don wayar da kai aka yi su. Amma ku rera su ku ji. Murya ce ta mace wadda ta san ƙurya ta san waje, ba ta kuma neman izini kafin ta yi magana. Ni da nake malama, da na karanta sai na ji kamar yayyena ne suka riga ni shiga aji.

Na maza kuwa sanannu ne, ba sai na daɗe a kansu ba. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, Hausarsa tana da nauyi da Larabci, sai da haƙuri, amma Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta cancanci haƙurin. Mu'azu Haɗeja ya fi sauƙi, sai dai in ya juyo kan mata harshensa da kaifi, wani lokaci har nakan ce, Malam, su mazan fa? Wanda na fi so shi ne Aƙilu Aliyu cikin Fasaha Aƙiliya. Wannan bawan Allah yana wasa da kalma kamar yadda gwanar tuƙi take wasa da muciya. Duk malamar da 'yan ajinta suke cakuɗa Hausa da Turanci ta karanta musu Hausa Mai Ban Haushi, za su yi dariya, kuma za su ji kunya.

Sai waƙoƙin zamani na Turanci. Waɗannan yawancinsu ba su da amsa-amo ba su da kari, da farko sai ki ce wasiƙa ce aka kakkarya. Na daɗe ina yi musu kallon haka, har na gamu da littafin Saddiq Dzukogi, mutumin Minna, mai suna Your Crib, My Qibla, wanda aka buga a Amurka a 2021. Sunan ma sai da ya sa na yi turus, don yana kiran gadon jaririya alƙiblarsa. Da na shiga ciki na ga ba sujada yake nufi ba, inda zuciyarsa take fuskanta dare da rana yake nufi. 'Yarsa ce ta rasu tana ƙarama, shi ne ya yi littafi guda yana yi mata magana, can gaba kuma ya ba ta baki tana amsa masa. Ku dubi wannan, 'yan'uwa. Mu nan in yaro ya rasu, uwa a ce ta yi haƙuri, uba kuwa ya karɓi gaisuwa a zaure ya koma kasuwa, ba mai tambayarsa abin da ke cikinsa. Ga uba ya faɗa. Na ba wata abokiyar aikina da ta yi irin wannan rashi, ta riƙe shi wata guda, da ta maido ba ta ce kome ba sai cewa ta karanta wa maigidanta wasu daga ciki. Ban ce kowace mai sabon rashi ta ɗauka ba, don yana tayar da miki.

Akwai kuma Safia Elhillo, 'yar asalin Sudan da aka haifa a Amurka, mai The January Children na 2017. Sunan yana nufin mutanen Sudan da aka haifa zamanin mulkin Ingilishi, waɗanda ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, aka ba su 1 ga Janairu gaba ɗaya. Na yi murmushi, don rajistar ajina ma cike take da 'yan 1 ga Janairu. Tana waƙa ne kan zama tsakanin harshe biyu, Larabci da Turanci, kowanne tana jin ba ta cika shi ba. Duk 'yar boko ta san wannan ciwo. Amma Milk and Honey na Rupi Kaur, na 2014, wanda 'yan mata suke ta aika wa juna gutsattsarinsa ta waya, ni bai ƙosar da ni ba. Kamar alewar auduga yake, da zaƙi, kafin ki tauna ya narke. Akwai kuma maganganu da zane a cikinsa da ba na yara ba ne.

Mu koma ga labaran zane. Bayan Malika, wanda na fi yarda in sa a hannun yaro shi ne Amulet na Kazu Kibuishi, littafi 9 ne, na farko ya fito a 2008, na ƙarshe a 2024. Wata yarinya ce Emily da ƙanenta, ubansu ya rasu a haɗarin mota, suka koma wani tsohon gida na kakanninsu, sai wani dodo ya sace uwarsu, suka bi shi cikin wata duniya. Emily ta sami wani dutse mai ƙarfi da take ratayawa a wuya, dutsen yana yi mata magana, kullum yana zuga ta ta sakar masa ragama. Yaƙin da take yi da muryar nan ya fi wanda take yi da dodanni wuya, kuma duk yarinyar da ta fara girma za ta gane shi.

Ga manyan 'yan mata akwai Nausicaa na Hayao Miyazaki, mutumin Japan, wanda ya zana daga 1982 zuwa 1994. Gimbiya ce a wata duniya da yaƙi ya lalata, daji mai dafi yana cinye ƙasa, kowa yana so ya ƙone shi, ita kuwa tana so ta san dalilin tsirowarsa. Ba shi da launi, kuma labaran zane na Japan daga dama ake fara su zuwa hagu. Turawa wannan yakan ruɗe su, mu da muka yi karatun allo kuwa gida muka zo.

Gargaɗi guda: zane ba ya nufin na yara. Akwai wani Monstress, zanensa kamar aikin surfani don kyau, amma cike yake da jini da azaba. Wasu kuma akwai tsiraici. Kada uwa ta ba da littafin zane sai ta buɗe shi shafi-shafi da kanta, kuma ko ba ta jin Turanci idonta zai gaya mata.

Uwar yarinyar ta zo ran Alhamis. Na ba ta haƙuri, na ce ni na yi gaggawa. Ita kuwa ashe tata damuwar dabam ce: ta ce, Malama, ba sihiri ake koya musu a ciki ba? Na ce, Hajiya, ke da wa kika ji labarin Gizo da Ƙoƙi, da dodon da ke hana ɗiban ruwa? Ta ce da kakarta. Na ce Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tun 1934 ake karanta shi da aljannunsa, yara kuwa sun san almara ce, kamar yadda mai tatsuniya takan rufe da faɗin cewa ƙarya ta shirga. Abin lura shi ne wane hali labarin yake yabo, wane yake kushewa. Game da hukuncin zanen mai rai kuwa, na ce wannan fagen malamai ne, ta tambayi wanda gidansu ya yarda da shi, ni ba zan yi mata fatawa ba. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce in ba ta littafin ta duba tukuna. Ta duba har ƙarshe tana zaune a ofis, ta miƙa wa 'yarta.

Sharaɗin da na kafa wa yarinyar shi ne, ba a lokacin lissafi ba, kuma kowace Juma'a ta tashi ta ba 'yan aji labarin abin da ta karanta, da Hausa. Ta yi sau huɗu yanzu. Makon jiya ta kawo mini tsohon littafin rubutu da ta raba gida-gida da rula, ta zana Gizo yana hawa rimi, maganarsa tana cikin ƙawanya, da tsamin bakinsa da kome. Shafi shida ta yi, ta ce fensirin launinta ne ya ƙare. Na yi mata alkawarin wani in an yi albashi.

Sai wani makon, in Allah ya kai mu.