Yadda za a dafa shinkafa da jatan lande irin ta Japan a Kazaure

Bidiyon girke-girken ƙasashen waje da ke yawo a TikTok da Facebook ya sa matan aure da 'yan mata na sha'awar gwada sabbin abinci. Ɗaya daga ciki shi ne tendon, wato kwanon shinkafa da ake ɗora wa soyayyen jatan lande a yaryaɗa romo mai ɗan zaƙi.

Salon suyar, wanda ake kira tempura, Turawan Fotugal ne suka kai shi Japan ta birnin Nagasaki a ƙarni na 16.

Sai dai mai son yin wannan girki a Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura na da abu biyu da za ta kiyaye, ɗaya ya shafi addini, ɗaya kuma lafiya.

Barasa a cikin romo

Japanawa na haɗa romon da mirin, wani ruwan shinkafa mai zaƙi da barasar cikinsa ke kai wa kashi 14 cikin 100. Yawancin bidiyon ba sa faɗin haka. Sukari na maye gurbinsa. Shi ma soya sos, a duba kwalbar ko tana da tambarin halal.

Jatan landen kansa ba matsala, domin a mazhabar Malikiyya dabbobin ruwa halal ne.

Haɗarin rashin sanyi

Yankin na da nisa da teku, don haka ɗanyen jatan lande a ƙanƙare yake zuwa, galibi daga manyan kantunan Kano. Yana saurin lalacewa. A ɗauko shi a kula da ƙanƙara, a dafa a ranar. Wanda ya narke saboda ɗauke wuta kada a mayar da shi firiza, mai wari ko yauƙi kuma a zubar. Masu borin jini idan sun ci jatan lande su guje shi, har da busasshensa.

Kayan da ke kasuwa

Shinkafar Japan gajera ce mai danƙo, shi ya sa shinkafar tuwo ta gida ta fi 'yar gwamnati dacewa. Romon kifin da suke kira dashi kuwa, busasshen kirafish na ba da ɗanɗano mai kama da shi.

Idan babu jatan lande, tsokar karfasa ta wadatar. Kabewa, dankalin Hausa da kuɓewa ma duk Japanawa na soya su a haka.

Yadda ake haɗawa na mutum biyu

A wanke shinkafa kofi 2, a dafa ba gishiri ba mai.

A tafasa kirafish cokali 2 a ruwa kofi 1 na minti 10, a tace. A zuba soya sos cokali 3 da sukari cokali 1, a bar shi ya ɗan yi kauri.

A ɓare jatan lande 10, a cire baƙin zaren da ke bayansa, a tsane shi sosai.

A kaɗa ƙwai 1 a ruwa mai sanyi ƙarara kofi 1, a zuba fulawa kofi 1. Kada a juya da yawa, ko da gudaji ba laifi. Sanyin ruwan da ƙarancin juyawa su ne ke sa suyar ta yi ƙaras-ƙaras maimakon ta zama fanke.

A ɗiga ƙullin a mai, idan ya taso nan take, man ya yi zafi. A tsoma jatan landen a ƙullin, a soya kaɗan-kaɗan na minti 2 zuwa 3.

A zuba shinkafar a kwano mai zurfi, a jera suyar a kai, a yaryaɗa romon. Da zafinsa ake ci, domin da ya huce ɓawon ke yin laushi.