Dajin Falgore Da Ruwan Lambun Manoma

Manomin Gwarzo ko na Kabo ya kan ji labarin Dajin Falgore ya ce ina ruwansa, tun da dajin yana can kudu a hanyar Jos, wajen Tudun Wada da Doguwa. To, ruwansa kuwa a nan ya ke.

A shekarar 1949, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka keɓe wannan daji aka sa masa suna Gandun Dajin Kogin Kano. Aka hana sara da sharar gona a cikinsa. A 1969, zamanin Gwamna Audu Bako, aka ƙara da hana farauta, ya zama wurin kiyaye namun daji, irin su gwanki da mugun dawa da gwaggon biri. Faɗinsa ya kai murabba'in mil 350. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta sa shi cikin dazuzzuka 10 da ta amince ta karɓa.

Babban amfanin dajin shi ne ruwa. Kogin Kano yana gangarowa daga duwatsun kudu, ya ratsa ta cikinsa kafin ya zuba a dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974. Inda itatuwa su ke, ganye ya kan rage ƙarfin ruwan sama, saiwa ta riƙe ƙasa, ruwan ya nutse a hankali ya riƙa tsattsafowa cikin rafi har rani. Inda aka sare su, sai ruwa ya kwarara gaba ɗaya rana guda, ya kwashi ƙasar gona ya zuba cikin dam. Dam ɗin da yashi ya cike kuwa, ko an ga ya batse da damina, ba ya kai mai lambu Afrilu. Masu gawayi ba su kan yi wannan lissafi ba.

Haka abin ya ke ga dam ɗin Magaga da na Guzuguzu, sai dai su ba su da wani Falgore a bayansu. Abin da ke tsaron su shi ne 'yan itatuwan bakin rafi da gawon da ke cikin gonaki. Ruwan wannan ƙasa Kogin Calawa ya ke bi, ya haɗu da Kogin Kano, su zama Kogin Haɗeja. Bayan Tiga da dam ɗin Calawa na Ƙaraye, wanda aka gama a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu ƙwarai, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masu shinkafa da masunta suka ji a jikinsu.

Saboda haka mai gona a bakin rafi kada ya kai garma har gaɓa. Ya bar 'yan taku na ciyawa da itace, in da zaizaya ya dasa gamba, ya kuma bar toyi a wurin.